Damina Uku Mai Ɗakina Tana Bayan Turken Iyaka

Zuwa ga Baturen da aka ɗora wa duba al'amuran iyaka tsakanin ƙasar Gumel da ƙasar Damagaram, ta hannun manyan ƙasa masu isar masa da kukan talakawa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya halicci namiji da mace, ya sanya natsuwa a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Aminci ya tabbata ga duk wanda ya bi shiriya.

Bayan haka, gaisuwa da ban girma gare ka, ranka ya daɗe, da gaisuwa ga duk wanda wannan takarda ta riska, mai karatu ne ko mai sauraro. Na rubuta ta kofi uku da hannuna. Ɗaya taka ce. Ɗaya za a karanta a ƙofar masallacin Ɗanzomo bayan an sauko Juma'a. Ɗaya za a karanta a kasuwar Maigatari ran Alhamis, don mutanen ƙetare su ji su kai gida. Ba rashin kunya ya sa na yi haka ba. Sau uku ina hawa jaki zuwa bariki a Gumel, sau uku maganata tana tsayawa a bakin akawu, ban taɓa sanin ko ta wuce ƙofarsa ba. Maganar da aka karanta a kasuwa kuwa ba ta ɓacewa a aljihun mutum ɗaya.

Ni ne Yakubu ɗan Malam Salihu, limamin unguwar yamma a Ɗanzomo. Gemuna ya yi fari a garin nan. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali a matsayin wanda ake ƙara ba, ban kuma taɓa ƙin wani umarni na hukuma da bai saɓa wa addini ba. Kukana a kan mai ɗakina ne, uwar 'ya'yana, wadda na aura shekara talatin da huɗu da suka wuce. Yau damina uku ke nan tana bayan turken ƙarfen da aka kafa arewa da Maigatari, ba ta da ikon komowa ɗakinta.

Na farko: yadda abin ya faru.

Ita 'yar wani ƙauye ce na ƙasar Damagaram, tafiyar hantsi daga Maigatari. Ran da aka kawo ta gidana babu Ingilishi babu Faransa, babu turke. Ko a shekarun da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin Gumel da Damagaram, mace tana zuwa ganin gida ta komo, babu mai tambayarta takarda. Da aka zo aka kafa ƙarfunan nan, mun ɗauka wani sha'ani ne tsakanin Turawa. Na ga masu cin kasuwa suna ɗaure jakuna a jikinsu.

Bayan kakar da ta gabaci daminan nan uku, aka aiko cewa mahaifiyarta ta kwanta. Na ba ta izini ta tafi jinya, na kuma raka ta da kaina har gidan ƙaninta Tanko, wanda tsohuwar take hannunsa. Cuta ta ja. Ana cikin haka sai ma'aikatan kumandan, wato Baturen Faransa mai riƙe da wancan yanki, suka zo ƙidayar mutane gida-gida. Suka zauna a zauren Tanko, aka kira mata bayan zana, tafinta yana tambaya, mai rubutu yana rubutawa. Da aka zo kanta aka tambayi sunanta, Tanko ya faɗa. Aka ce tana da miji? Ta ce tana da shi. Tafinta ya ce, to, ta faɗi sunansa da bakinta, don an hana wani ya amsa wa wani.

Ranka ya daɗe, a nan nake roƙon ka tsaya ka fahimci abin da wataƙila ba a taɓa fassara maka ba. A wurinmu matar kirki ba ta kiran sunan mijinta. Ba doka ce ta sarki ba, ba kuma farilla ce ta addini ba, kunya ce da aka rene mu da ita. Shekara talatin da huɗu, Malam take ce mini. Maƙwabcinmu da ya ci sunana, Mai Rijiya take kiransa, don kada sunan ya bi ta bakinta ko da a kan wani ne. Ni ma haka, tunda ita ce matata ta fari, ban taɓa kiran nata ba.

Sai ta ce wa tafinta, "Malam ne, na Ɗanzomo."

Tafinta ya ce malamai sun fi a ƙirga, suna ake so. Ya maimaita har sau uku. Ta yi shiru, a gaban ƙaninta da maigari da baƙin maza. Tanko ya buɗe baki zai faɗa, aka daka masa tsawa. Mai rubutu yana da sauran gidaje a gabansa, sai ya rubuta ta cikin mutanen gidan Tanko, mace marar miji, ya wuce.

Kuskure na biyu nawa ne, ba zan ɗora shi a kan kowa ba. Cikin watannin nan ma'aikacin ƙidaya na wannan ɓangare ya zo Ɗanzomo. Ya tambaye ni mutanen da ke cikin gida a ranar. Na lissafa masa waɗanda ke nan, ban sa ta ba, don ba ta nan. Na ce masa iyalina ta tafi jinya, ya ce in ta komo a sa ta. Da ya tafi, ladanin masallacinmu ya dube ni ya ce, "Liman, da ka ce tana ɗaki, wa zai ɗaga labule ya duba?" Gaskiyarsa, babu mai dubawa. Amma ni nake hawa gaban sahu in ce wa mutane su ji tsoron ƙarya.

To, ga yadda littattafan biyu suka kwana: a na Faransa akwai mace babu miji, a naku akwai miji babu mace.

Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa a tsakiyar damina ta farko. Bayan sadakar arba'in mai ɗakina ta ɗaure kayanta. Maigarinsu ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa. Ya ce mutane suna ta gudowa wannan ɓangare saboda aikin tilas, don haka kumandan ya yanke cewa duk gidan da aka nemi mutum aka rasa, maigidan za a tafi da shi aikin hanya a madadinsa, ba a san ranar komowa ba. Tanko shi kaɗai ne namiji babba a gidansa, yana da ƙananan 'ya'ya da gona ɗaya. Ta dubi ƙaninta, ta kwance kayan. Ban zarge ta ba, ban kuma zargi maigari ba, shi ma wuyansa yake tsaro.

Na biyu: hanyoyin da aka nuna mini.

Ba zan ce an ƙi saurarona ba. An saurare ni, an kuma nuna mini hanyoyi huɗu, kowane mai nunawa yana cewa tasa ce ta fi. Zan faɗe su yadda aka ba ni, in faɗi inda kowacce ta kai ni.

Hanya ta farko ita ce takardar baƙunci. Akawu ya ce za a iya rubuta mata izinin zuwa ziyara na kwana goma, ta koma kafin wa'adi ya cika. Na karɓa don babu wata a hannuna. Sau biyu ta zo a kan wannan takarda. Ta shiga ɗakin da ta haifi 'ya'ya shida a cikinsa, ta share, ta wanke tukwane, ta jera ƙorai, ta fara sussukar geron da aka ajiye. Ran na tara ta fara ɗaurin kaya. A zuwa na biyu ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, wasu suka ci. Da na nemi ta uku, aka ce baƙon da yake yawan zuwa ba baƙo ba ne, mai shirin ƙaura ne, aka hana. Wato yawan zuwanta gidanta shi ya zama hujja a kanta.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko ta ta daji. Masu safarar kanwa da dabino sun san turbar da masu tsaron iyaka ba sa bi. Biyu daga cikinsu sun same ni har gida, suka ce don Allah za su yi, saboda na koya wa 'ya'yansu karatu. Na aika mata. Amsar da ta aiko gajeriya ce: "Ku ce wa Malam, in na kwana a ɗakina Tanko ya kwana a sansanin aiki, wane barci zan yi?" Ban sake tayar da zancen ba.

Hanya ta uku ita ce ni in ƙaura can. Na yi tunaninta fiye da sauran, na yi istihara a kanta. Amma duk wanda ya ƙaura da gidansa ake rubuta shi, 'ya'yana maza biyu da ke noma tare da ni za su shiga littafin da ake ɗiban samarin aikin tilas daga cikinsa. In kuwa na tafi ni kaɗai, na zama tsoho marar gona a zauren ƙanin matarsa, na ƙara wa Tanko baki a kan bakunan da yake ciyarwa. Shi kansa, da yake abokin wasana ne, ya ce mini, "Malam, ka zo mana. Ita an rubuta ta ba miji, kai a rubuta ka ba sana'a, in haɗa ku da awaki in dinga ba ku dusa." Muka yi dariya, amma idonsa bai yi dariya ba.

Hanya ta huɗu ita ce wadda akawu ya fi yabawa, ya ce ita kaɗai ce take ƙarewa da zama na dindindin. Ya ce ɓangarorin biyu sun amince cewa amarya tana bin mijinta. In aka ɗaura aure, alƙali ya ba da takardar sabon aure, sai a cire mace daga littafin can a sa ta a na nan, babu laifi a kan danginta. Ya ce, "Baba, ai abin ya zo maka da sauƙi. Littafi ya ce ba ta da miji. Ka aure ta."

Na tafi wurin alƙali. Ya ce ba zai rubuta sabon aure ba sai waliyyi da shaidu sun tabbatar a gabansa cewa babu igiyar kowa a kanta, kuma ya san akwai tawa. Gaskiyarsa. Na koma wa akawu. Ya yi ɗan tunani, ya ce to a gyara gaskiyar ta dace da takardar: in sake ta saki ɗaya, ta yi idda a gidan ƙaninta inda take dama, in ta gama a ɗaura sabo. Ya ce mutum biyu sun bi wannan hanya, matansu suna ɗakunansu yanzu.

A nan ne zan faɗi abin da ban faɗa wa akawu ba, abin da 'ya'yana ma ba su sani ba sai yau da za su ji a ƙofar masallaci. A shari'armu aure igiya uku gare shi. Wanda ya saki ɗaya yana iya mayarwa, wanda ya saki biyu yana iya mayarwa, wanda ya saki ta uku, matar ta haramta gare shi har sai ta auri wani aure na gaskiya. Ni kuwa ina saurayi mai zafin kai ne. Na sake ta sau ɗaya a shekararmu ta biyu, a kan maganar da ban ma iya tuna ta yanzu. Na sake ta sau na biyu shekarar da ɗanmu na fari ya rasu, baƙin ciki ya rufe mini ido na ɗora mata laifin da ba nata ba. Duka biyun ta komo, ba ta taɓa yi mini gori ba. Tun daga ranar nake riƙe da igiya ɗaya, shekara kusan talatin, ina tsaron harshena kamar mai ɗauke da ƙwai a kasuwa. Ƙofar da ta buɗe wa mutum biyu, ni in na taɓa ta, ta rufe ke nan har abada.

Wani da ya ji ƙishin-ƙishin ya ba ni shawarar auren kashe wuta, a samo wanda zai aure ta da sharaɗin ya saki. Allah ya shirye shi. Ni da nake hana mutane wannan, ba zan kai tsohuwa mai jikoki ɗakin wani don in sami hatimi ba.

Ka gani, ranka ya daɗe. Hanya ɗaya ta mai da ita baƙuwa, ɗaya ta kai ƙaninta aikin tilas, ɗaya ta kai 'ya'yana, ɗaya ta raba mu da sunan haɗawa. Duk an yi su ne don wanda zai soma aure, ko wanda zai yi ziyara, ko wanda zai gudu. Babu wadda aka yi don tsohon aure da yake nan da ransa, alhali shi ya riga turken zuwa.

Na uku: abin da yake hana ni jinkiri.

Ƙafafuna sun fara kumbura, sujada tana yi mini nauyi. Ba tsoron mutuwa nake ba, ita tana da ranarta. Abin da nake tambaya shi ne, in ta zo mini a haka, a ina mai ɗakina za ta yi takaba? Shari'a ta ce a ɗakin mijinta, wata huɗu da kwana goma. Takardar baƙunci kwana goma ce. Kuma wa zai ba wa matar da littafi ya ce ba ta da miji izinin zuwa takabar miji?

Sannan ga shaidu. Mutum biyu ne suka tsaya shaida ran da aka ɗaura aurenmu. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Ɗayan, Audu Maƙeri, yana Gagarawa, ya makance, ba ya iya hawa dabba, amma hankalinsa garau yake. Na je na gaishe shi bayan ƙaramar salla. Ya tuna ranar, ya tuna wanda ya karɓi aure da wanda ya bayar, har ya tuna cewa iska ta ɗauke mini rawani a hanya. Ya ce, "Yakubu, in za a tambaye ni a yi sauri, ni ma ina jiran kira." In ya tafi, babu sauran mai rai da ya ga ɗaurin.

Na huɗu: abin da nake roƙo.

Ina roƙo ka aiko amintaccen mutum Gagarawa, tare da wakilin alƙali, a ɗauki shaidar Audu Maƙeri tun yana iya bayarwa.

Ina roƙo a yarda alƙali ya rubuta takardar tabbatar da aure, ba ta sabon aure ba. Ya ce mini a shirye yake, abin da ya hana shi kawai shi ne an ce babu gurbin irin wannan takarda a bariki. In babu gurbi, kai ne mai ikon buɗe shi.

Ina roƙo ka rubuta wa kumandan, tunda na ji kuna musayar takardu a kan shanun da suka ɓata suka tsallaka, a mayar wa mai su. Ka gaya masa kuskure aka yi wajen rubutu, a cire ta daga gidan Tanko ba tare da an taɓa Tanko ko maigarinsu ba.

Ina roƙo kuma, ba don kaina kaɗai ba, a gaya wa masu ƙidaya na ɓangarorin biyu cewa shirun mace a kan sunan mijinta ba musu ba ne, girmamawa ce. A bar ƙaninta ko maƙwabciyarta su faɗa. Tun da na fara wannan fafutuka gida huɗu suka zo mini da irin labarina, daga nan har Sule Tankarkar. Su ba su iya rubutu ba.

Saura magana ɗaya. Alhamis ɗin da ta wuce na je Maigatari. Kasuwa ce kaɗai wurin da ake barin mutanen can su zo da hantsi su koma kafin faɗuwar rana. Tanko ya kawo ta. Muka zauna a gindin wata tsamiya daga gefen kara, wato wurin cinikin shanu, turken yana inda muke hangensa. Ta kawo mini daddawa a ƙunshe, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko an gyara rufin ɗakinta kafin ruwa. Na ce an gyara. Da la'asar ta yi Tanko ya miƙe yana kwance jaki, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba.

"Malam, in za su sake tambayata, zan faɗa. Ko a gaban waye."

 Na san abin da wannan magana ta ci mata kafin ta fito. Ni ba na so a kai ta ga haka, na fi son a karɓi bakin Audu Maƙeri a bar mata kunyarta, don ita kaɗai ce abin da turken bai ƙwace mata ba. Amma in dokarku ba ta gamsuwa sai da suna daga bakin mai shi, to a sake tambayarta, ta shirya.

Kuma tunda ita ta yarda ta ɗauki wannan nauyi, bai kamata in bar ta ta riga ni ba. Mai sauraro ya lura tun farkon takardar nan ban ambaci sunanta ba. Ga shi yau, a gaban Ɗanzomo da Maigatari, da hannuna, don a rubuta a littafin da ya dace: Ramatu 'yar Malam Jibrilu. Matata ce. Tana cikin igiyata, ba kuwa zan sake ta ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a kan waɗanda aka ɗora ka a kansu, ya haskaka maka gaskiya, ya mai da kai ga iyalinka lafiya, don na ji kai ma teku ce tsakaninka da su. Wanda ya karanta da wanda ya saurara, Allah ya tsare masa gidansa, ya hana a raba shi da nasa, ya sa mu cika da imani. Wanda ya ji aibin da na tona na kaina, ya roƙa mini gafara.

Wassalam.

Yakubu ɗan Malam Salihu,
Limamin unguwar yamma, Ɗanzomo, ƙasar Gumel.